Linux a kan kwamfutocinmu na Damagaram: ina take ci, ina take tuntuɓe

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 da kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba ba Windows 10, maganar Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ta sake tasowa a shagunan masu gyaran kwamfuta da wurin ɗaliban anformatik har ma a fada wurin shayi, kuma duk inda aka tayar da ita sai mutane su rabu biyu, wasu su ce ita ce mafita, wasu su ce wahala ce kawai ta ƴan boko masu son baƙin allon da ake rubuta ma kwamfuta umarni a kai. Ni a ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, matsalar ita ce ana haɗa abubuwa uku a yi musu hukunci guda. Kwamfutar aiki daban, ta wasa daban, sabar, wato kwamfutar da ke ba wasu hidima, kuma daban.

Abin da ya tayar da maganar ba ɓoyayye ba ne. Galibin kwamfutocin da ke hannunmu okaziyon ne, HP da Dell da Lenovo waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai ko Amurka aka lodo su suka biyo ta Kano ko Kwatano ko Lome suka iso mana. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa, tana son wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tana son furosesa na Intel daga zubi na 8 zuwa sama, wato na wajen 2017 zuwa yau. To je ka duba Core i5 ɗin da ke kan teburin mai sezi na unguwarku, zubi na 3 ne ko na 4, in an yi sa'a na 6. Lafiyarta ƙalau, tana tashi tana aiki, amma a idon Microsoft ta tsufa. Ko dai ka zauna da Windows 10 ƙofofin da ɓarayin intanet ke ganowa suna ta taruwa ba mai toshewa, ko mai gyara ya tura maka 11 da dabara ta bayan gida ba tare da tabbacin za ta ci gaba da karɓar mizajur ba, ko ka nemi wata hanya.

Abu na farko da masu tallar Linux ke faɗa maka shi ne kyauta ce. Wannan hujja a Faransa ko Jamus tana da nauyi, a nan kam ba ta da kasuwa. Tsakani da Allah mutum nawa ne cikinmu suka taɓa sayen lisansin Windows? Ka kai ma mai gyara ƴan jakkuna ya yi mata formataj, ya zuba maka Windows da Office da Photoshop duka na kirak, ka ɗauko kayanka kafin la'asar. Saboda haka wanda ya ce maka kyauta ce bai gaya maka komai ba. Abin da ya kamata ya gaya maka shi ne wannan kirak ɗin sai an kashe antibirus yake shiga, kuma daga kai har mai gyaran ba wanda ya san me aka cusa a cikinsa, ga shi a kan wannan kwamfutar kake buɗe imel ɗinka da Facebook ɗinka da takardun ofis.

Bari dai mu fara da mece ce Linux ɗin. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin, wato ɓangaren da ke magana kai tsaye da furosesa da ram da diski. Kafin shi tun 1983 Richard Stallman a Amurka ya fara aikin GNU, sun tara kayan aiki da yawa amma zuciyar ba ta kammala ba, sai aka haɗa biyun. A 1992 Torvalds ya sa aikinsa ƙarƙashin lisansin GPL, kuma a nan sirrin yake, domin sharaɗin lisansin shi ne ka ɗauka ka karanta ka canza har ka sayar in ka ga dama, amma in ka raba ma mutane abin da ka canza dole ka ba su rubutun asalin, wato umarnin da aka gina manhajar da shi, su ma. Ba wanda zai kulle ya ce nasa ne shi kaɗai. Kuma kar a ɗauka har yanzu ƴan sa-kai ne ke yi da dare, yawancin aikin zuciyar Linux a yau injiniyoyi ne masu albashi na Intel da Google da Red Hat da AMD da Huawei ke yin sa, saboda kasuwancinsu a kanta ya dogara. Wayar Android da ke aljihunka ma zuciyarta Linux ce, Tecno ce ko Itel ko Samsung.

Inda sabon shiga ke ruɗewa shi ne sunaye. Ya ji Ubuntu, ya ji Mint, ya ji Debian da Fedora da Arch da Kali, ya rasa wace ce Linux ɗin. Duka ita ce, kamar injin mota guda ne kowane gareji ya ƙera mishi jiki da kujeru irin nasa. Debian tun 1993 take, ba ta gaggawa. Ubuntu daga Debian aka cire ta a 2004, Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa, kuma duk shekara biyu a watan Afrilu suna fitar da zubi mai tallafin shekara 5. Mint kuma daga Ubuntu, wani Bafaranshe Clément Lefèbvre ya fara ta a 2006, ita ce ta fi kama da Windows 7 a ido, meni a ƙasa hagu, agogo a dama. Wanda ya tambaye ni Mint nake cewa, in ram ɗin kaɗan ne ya ɗauki mai Xfce, wato mai fuska marar nauyi. Su kuma ƙannenmu da ke farawa da Kali saboda sun ga ƴan dandatsa a bidiyo, don Allah ku bari, an yi ta ne don gwajin tsaro, ba ta rubuta memuwar ba ce, sati biyu za ka yi ka tsani Linux gaba ɗaya.

A kwamfutar aiki, ribar da mutum zai fara gani da idonsa ita ce ta kile. Kowa ya san birus ɗin nan na rakursi, ka kai kile wurin fotokopi ka dawo ka tarar duk fayilolinka sun zama ƴan kibiyoyi, na asalin sun ɓace. Ba su ɓace ba, ɓoye su aka yi, kuma abin da ya ɓoye su ɗan rubutu ne da Windows kaɗai ke iya kunnawa. Ka sa wannan kilen a Linux sai ka ga komai a fili, ga fayilolinka ga birus ɗin kwance ba ya motsi, ka goge shi da hannu. Sai dai in ba ka goge ba za ka kai ma na gaba shi, Linux ba ta kamuwa amma ba ta wanke kile da kanta.

Sai maganar forfe, wadda ke da fuska biyu kuma masu talla fuska guda suke nunawa. Gaskiya ne Windows in ka haɗa ta da wifi na wayarka ba ka gaya mata koneksiyon ɗin na awo ba ne, tana iya shanye maka jiga guda a mizajur kana zaune ba ka sani ba, Mint kuwa sai ta nuna maka abin da ke akwai ta jira ka danna. Amma ɗaya fuskar ita ce mu a nan manhaja ta kile take yawo, wannan ya kwafa ma wancan, mai gyara yana da diski cike da setof. Linux ba haka aka gina ta ba, tana da rumbunta a intanet, daga can ake sauko da komai, kuma manhaja guda tana iya jawo wasu ƙanana ashirin da ta dogara a kansu. In ka bi ta Flatpak ma, wata hanyar sauko da manhaja, karon farko sai ya sauko da ɗaruruwan mega kafin abin da kake so ya zo. Hoton sakawar kansa na Mint ya kusa jiga 3, na Ubuntu 24.04 wajen jiga 6. Wanda ke da wifi na ofis ko na jami'a ba zai ji ba, wanda ke sayen forfe na kwana zai ji a jikinsa. Akwai dabaru, AppImage fayil guda ne da ake iya kwafa a kile, kuma in kwamfutoci da yawa ne a ɗaki guda ana sa ɗaya ta riƙa ajiye abin da aka sauko sauran su ɗiba daga gare ta, amma sai wanda ya sani.

Sauƙin nauyi gaskiya ne, Mint mai Xfce tana tashi ba ta ci jiga guda na ram ba, tsohuwar kwamfuta mai jiga 4 sai ta sake numfashi. Sai dai da ka buɗe Chrome ko Firefox ka jera shafuka goma da YouTube, cin ram ɗin ɗaya ne ko'ina. In kana da ɗan kuɗi sa diski SSD ya fi duk wani canjin tsari tasiri, in ka haɗa biyun kuwa ka more.

Inda ake faɗa na gaske shi ne Word da Excel. LibreOffice, madadin Office ɗin Microsoft wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, tana buɗe docx da xlsx tana ajiyewa, wasiƙa da rapor da lissafin shago duk ba matsala. Amma ɗalibi mai memuwar shafi tamanin da tebura da hotuna, ya tsara a LibreOffice ya kai ma malaminsa ya buɗe a Word, sai a ga tebur ya zame, kan babi ya koma ƙasan shafi. Yawanci laifin haruffa ne, Calibri da Times New Roman na Microsoft ne ba sa zuwa da Linux, in babu su sai a maye da wasu masu faɗi daban layuka su goce. Maganin shi ne a sa Carlito da Liberation Serif, an ƙera su da awo ɗaya da waɗancan, kuma duk abin da za a kai bugawa a mai da shi PDF tun a gida. Amma fayil ɗin Excel mai makro irin wanda porje ko ma'aikata ke turowa a ce cika ka maido, wannan kam kar ka yi caca da aikinka.

Akwai ma sana'o'in da zan ce musu kai tsaye ku zauna inda kuke. Mai zana katin aure da na suna da banderol a CorelDRAW ko Photoshop, mai zanen gini a AutoCAD, akanta mai Sage, da masu dekodaj da filashin waya waɗanda yawancin kayan aikinsu na Windows ne kaɗai. Za a ce maka ai akwai GIMP da Inkscape, ƙwarai akwai kuma suna aiki, amma mutumin da hannunsa ya shekara goma a Corel ga kwastoma tsaye a kansa gobe ɗaurin aure, ba ranar koyon sabon abu ba ce. Firinta ma a duba kafin a yanke shawara, galibin na HP da ka sa waya suke kamawa, amma Canon LBP 2900 ɗin nan da ta cika shagunan sezi tana son direbanta na musamman kuma saka shi sai an yi haƙuri. Haka wasu katunan wifi na Broadcom, sai ka gama sakawa ka ga ba rezo, direban kuma yana intanet, dabarar ita ce ka haɗa wayar Android da kebul ka raba koneksiyon ta nan, wannan nan take yake kamawa. Wani abu ɗan ƙarami da ke burge ni, a cikin jerin allon rubutu akwai na Hausa tun asali, ɗ da ƙ da ɓ ba sai ka sauko da komai ba, illa dai a kan tsarin QWERTY aka yi shi, mai AZERTY sai ya ɗan saba.

To wasa fa? Shekara goma sha biyar baya amsar a'a ce kawai. Abin da ya canza lissafi kamfanin Valve ne mai Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet. Sun kawo Steam kan Linux a 2013, suka gwada sayar da na'urorin Steam Machine a 2015 abin bai karɓu ba saboda wasannin da aka rubuta ma Linux kaɗan ne. Sai suka canza dabara, maimakon roƙon kamfanoni su sake rubuta wasanninsu, a 2018 suka fito da Proton. Proton an gina shi a kan Wine, tsohon aiki tun 1993, kuma abin da yake yi shi ne in wasa ya nemi wani abu da harshen Windows sai a juya buƙatar nan take zuwa abin da Linux ke ganewa, umarnin zane na DirectX kuma a mai da shi Vulkan. Ba Windows ake kunnawa a ciki ba, shi ya sa saurin bai cika faɗuwa sosai ba, wani wasan ma kunnen doki suke yi. A 2022 suka fitar da Steam Deck, na'urar wasa ta hannu mai SteamOS da aka gina a kan Arch, daga nan masu wasanni suka fara kula ko kayansu na tafiya a kai. A ƙidayar Steam ta Oktoban 2025 masu Linux sun haye kashi 3 cikin 100 karon farko. Kaɗan ne, amma da ƙyar ake kai kashi 1 kafin Deck.

Sai dai mu duba me ake bugawa a nan. Ƙwallo ne kan gaba, sai GTA, sai na harbi. Tsofaffin PES da GTA San Andreas da makamantansu suna tafiya ta Wine ko Lutris, kwaikwayon PS2 da PCSX2 da na PSP da PPSSPP ma lafiya lau, har akwai Batocera da ake sawa a kile ta mai da tsohuwar kwamfuta gidan wasa, wanda masu ɗakin wasan yara ya kamata su leƙa. Katangar ita ce manhajar hana maguɗi. Wasannin intanet na gasa suna sa wani mai gadi da ke shiga har cikin zuciyar Windows yana duba ko kana ha'inci, kuma wannan Proton ba ya iya kwaikwayonsa. Saboda haka Valorant ba ya yi, Fortnite ba ya yi, sabbin Call of Duty ba sa yi, ƙwallon EA daga FIFA 23 zuwa FC na yanzu ba ya yi, GTA Online ya rufe ƙofa a Satumban 2024, Apex Legends ya biyo baya a ƙarshen Oktoban shekarar. Ba gazawar fasaha ba ce zalla, shawarar kamfanonin ce, amma kai mai son buga FC da abokai wannan bayanin ba zai buɗe maka wasan ba. Katin zane ma yana da magana, na AMD da Intel direbobinsu a cikin tsarin suke, na Nvidia sai an ƙara nasu, dangantakar da ta yi tsami har Torvalds ya taɓa yi musu daƙuwa a bainar jama'a a 2012, ko da yake yanzu ta gyaru sosai. Kuma gaskiya yawancin laftof ɗinmu katin Intel HD ne a ciki, wasan da bai tashi a Windows ba Linux ba za ta yi mishi addu'a ya tashi ba.

A sabar kuwa babu ma gardama, an gama wannan yaƙin tuni. Sabar ita ce kwamfutar da ke zaune tana ba wasu hidima, shafin intanet ko imel ko rumbun bayanai. Tun Nuwamban 2017 manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya dukansu Linux suke. Microsoft ɗin da shugabanta na lokacin Steve Ballmer ya kira Linux ciwon daji a 2001, yau fiye da rabin aikin da ke gudana a Azure, sabar ɗin da take ba da haya ta intanet, Linux ne, tun 2016 ma ta sa hanyar kunna Linux a cikin Windows. IBM ta sayi Red Hat a 2019 kan dala biliyan 34, kuma abin da Red Hat ke sayarwa tallafi ne a kan manhajar da kowa ke iya samu. Dalilan a fili suke. Sabar ba ta buƙatar taga da linzami, baƙin allon da ake tsoro shi ne ƙarfinta, domin ta SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, rubutu kawai ke tafiya, ko rezo ya yi rauni har hoton WhatsApp ba ya buɗewa kana iya zama a Zango ka gyara sabar da ke Yamai ko Faransa. Ba lisansin da ake ƙirgawa da yawan masu shiga. Kuma duk aikin da ka yi sau ɗaya kana iya rubuta shi ya riƙa maimaita kansa.

Wannan ɓangaren ne nake ganin mun fi yin sakaci da shi, don a nan abinci yake. Manhajojin sabar irin su Apache da Nginx da PostgreSQL da Docker duk a kan Linux suke zaune, DHIS2 da ma'aikatun lafiya na ƙasashen Afirka da yawa har da Nijar ke tara alƙaluma da shi ma haka. Kuma koyon bai buƙatar jari, tsohuwar laftof mai fasasshen allo ta isa, har ta fi dacewa da mu don batirinta shi ne ondilar ɗinta. Lakkwal da ba ta da intanet tana iya sa Kiwix, manhajar karanta Wikipedia ba intanet, a irin wannan kwamfuta ko a ƴar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi mai cin wat kaɗan da ƙaramin pano ke riƙewa, a haɗa da ɗan akwatin wifi, yara su karanta Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa a wayoyi ba mega ko ɗaya. Sai dai a tuna inda muke. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce 40, ƙurar hunturu tana toshe fanka, kuran kuma mun ga yadda aka yi daga Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke ba mu wuta har zuwa Maris na 2024. Tsarin ajiya na ext4 yana da littafin da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi, shi ya sa ɗaukewar wuta ba ta cika lalata diski ba, amma bayanan da ke hanya lokacin sun tafi, kuma diskin da zafi ya kashe ba littafin da zai tashe shi. Kwafi na biyu a wani wuri daban dole ne.

Kar kuma wani ya ce Linux ba a fasa ta. Ka buɗe sabar a intanet da kalmar sirri 123456 ka duba rajista bayan ƴan awoyi, za ka ga na'urori daga ko'ina suna ta gwada shiga. A Maris na 2024 ma an kusa yin babbar ɓarna, wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka ma mutum guda da ke kula da xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux, har aka amince da shi, sannan ya dasa ƙofar baya. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya gano saboda ya lura shiga ta SSH ta ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi. Masu goyon baya suka ce kun gani, da rufaffiya ce wa zai gano? Masu suka suka ce kun gani, duniya ta jingina a kan mutum guda da ya gaji. Duka biyun haka ne.

Yanzu da maganar ikon kai ta cika bakin kowa a ƙasar nan, wasu na cewa ai gwamnati ta koma Linux kawai. A duba waɗanda suka gwada. Jandarmomin Faransa sun yi nasara, amma a hankali suka bi, sun fara canza Office da burauza tun wajen 2005 mutane suka saba, sai daga 2008 suka shiga canza tsarin kansa zuwa Ubuntu, yau dubun dubatar kwamfutocinsu a kai suke. Birnin Munich na Jamus ya kai kusan kwamfuta 15,000 zuwa 2013, a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, siyasa ta shiga, ga kuma ƙorafin ma'aikata kan manhajojin da ba su dace ba. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta ɗauki hanyar Linux a 2024 da kwamfutoci wajen 30,000. Ita kanta Linux ba ta tsira daga siyasar duniya ba, a Oktoban 2024 an cire wasu Rashawa daga jerin masu kula da sassanta saboda takunkumi. Abin da ba a iya yi shi ne ƙwace rubutun daga hannunsu ko kashe musu na'urori daga nesa, wannan shi ne ainihin abin da buɗaɗɗen tsari ke bayarwa. Amma rubutun da ba ka da mai karanta shi a ƙasarka bai ba ka ikon komai ba, jandarmomin can suna da injiniyoyinsu na cikin gida.

Wannan kuma shi ne ya dawo da mu kan teburin mai gyara. Yau in Windows ta ƙi tashi, daga Kasuwar Dole zuwa Birni ba za ka rasa wanda zai duba maka ba. In Mint ta ƙi tashi, mafi yawansu za su ce maigida wannan sai formataj, su mai da maka Windows, fayilolinka kuma Allah ya kiyaye don Windows ba ta karanta ext4 da kanta, sai ya ga kamar diskin ba komai. Ba laifinsu ba ne, ba a kawo musu ita balle su koya, mutane kuma ba sa sakawa don ba mai gyarawa, haka abin ke ta zagaye. Shi ya sa wanda zai sa ma baffansa ko yayarsa Linux ya san ya ɗauki amanar gyara, wayarsa za a riƙa kira. Shi kuma mai gyaran da ya fara riƙe kilen Linux a aljihu ya samu abin da maƙwabcinsa ba shi da shi, ko don ceto fayiloli daga Windows da ta mutu, a tayar da kwamfutar daga kilen a kwashe komai kafin a goge.

Mai son gwadawa ba sai ya taɓa diskinsa ba. Ya samu kile mai jiga 8, ya rubuta Mint a kai da Rufus ko Ventoy, ya tayar da kwamfutar daga nan, za ta yi aiki ba tare da an saka komai ba. A nan zai duba wifi da sauti da firinta, ya buɗe fayil ɗin Word mafi rikitarwa da yake da shi ya ga yadda ya fito. In zai ajiye biyun gefe da gefe, ya fara kwashe kayansa a wani diski, ya kashe saurin tashi na Windows, in akwai BitLocker, makullin diski na Windows, ya rubuta mabuɗinsa a takarda tukuna, kuma ya tabbata batir cike yake kafin ya fara raba diski, don in kuran ta ɗauke a tsakiyar wannan aikin ana iya rasa duka biyun.